Ungozoma Ɗaya, Gari Biyu

Ungozoma ɗaya aka ba mazaɓar, garuruwan da ke neman ta kuwa biyu ne. Kwanar Marke tana bakin kwalta a kan hanyar Gwiwa, ga kasuwa duk mako, ga kemis, ga masu cajin waya, ga mai shayin da ba ya tashi sai ya ga bayan burodinsa. Kafin Gawo kuwa tsohon gari ne a bayan dutse, sai an tsallake rafi ake isa. Daga can mutanen Kwanar Marke suka taso lokacin da aka shimfiɗa kwalta. Matasa suka kwashi iyalinsu suka bi hanya, tsofaffi suka ce su kam babu inda za su, ga gonakinsu, ga makwancin iyayensu.

Ungozomar da ake magana a kanta ita ce Bahijja, 'yar Kazaure, ba ta daɗe da gama makaranta ba. Da ita za a tambaya, da an huta da bincike. Saurayinta Jalaluddeen, wanda aka sa musu rana bayan kaka, a Kwanar Marke yake koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, har ya samo musu ciki da falo a bayan kemis. A can waya na kamawa ko mutum ya shige bargo. A Kafin Gawo kuwa an ce sai ka hau dutse, ka ɗaga hannu sama, ka yi ta juyi kamar wanda kunama ta harba.

To, ba a tambaye ta ba. Yanzu ko kujerar roba ba a ajiyewa a ƙauye sai an yi binciken bukatun jama'a, kuma wannan ba laifi ba ne. An daɗe ana gina asibiti a inda wani babba yake da dangi, awaki su samu wurin kwana. Saboda haka sashen lafiya ya tashi ayari a farkon damina, a bi gida-gida a ji abin da ke damun mutane: yara nawa, tsofaffi nawa, masu ciki nawa, wace cuta ce ta fi takura musu. Shugabar ayarin ita ce Madam Dorkas, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Kazaure har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari gishiri. Sai Musaddiƙ, mai riƙe da wata faffaɗar waya da aka zubo wa tambayoyi tun daga sama. Aka haɗa su da Bahijja don ta riƙa auna jinin mutane, ta kuma saba da jama'ar da za ta yi wa aiki.

A Kwanar Marke aiki ya tafi kamar an shafa masa mai. Magidanta suka zauna a zaurukansu suna lissafa iyali da murya mai ƙarfi don maƙwabci ya ji. Wannan ya ce bana an yi masa namiji, wancan ya ce matarsa na nan da wata bakwai, wani ya ce shi kam biyu ya samu a shekara guda, Allah ya shirya. Yatsan Musaddiƙ har ya gaji da dannawa. Da suka gama, dagaci Muhammadu Lawal ya ja su zuwa wani ɗaki kusa da kasuwa, ya buɗe ƙofa, warin sabon fenti ya buge su.

"Ranka ya daɗe, ai ba a yanke hukunci ba tukuna," in ji Dorkas.

"Madam, fenti ne kawai. Fenti ya taɓa hana hukunci?"

Bahijja ta leƙa ciki. Tagogi biyu ta gani, da wurin saka caji a bango. Daga bakin ƙofar ma ana hango rufin makarantar su Jalaluddeen.

Washegari suka nufi Kafin Gawo a kan babura. A bakin rafi kowa ya sauka ya cire takalmi, ruwan bai wuce idon sawu ba. Gawon da garin ya ci sunansa ya zubar da ganye kamar yadda ya saba da damina, don haka mai unguwa Daudu ya tara dattawa a inuwar masallaci. Nan fa aka buɗe babin gwiwa. Kowa da irin ciwon tasa gwiwar. Bayan gwiwa aka shiga ido, bayan ido aka shiga kugu.

"Baba, a cikin mutanen gidanka akwai mai juna biyu?" in ji Musaddiƙ, yana karantowa daga waya.

Mai unguwa ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Yaro, ka ga tsohuwar tawa kuwa? In ta samu, ai da kaina zan kai labari gidan rediyo."

Dorkas ta tsaya wurin dattawan, ta tura Musaddiƙ da Bahijja su bi gidajen gabas. A kowane gida Musaddiƙ ya tsaya a zaure kamar yadda ya kamata, a fito a amsa masa. Amsar kuwa iri ɗaya: tsoho da tsohuwa, wani lokacin da wata gwaggo da mijinta ya rasu. Bahijja na auna jini, zuciyarta na ƙara fari.

Azahar ta same su a gidan wata Iya Dela, doguwar tsohuwa mai kaifin baki.

"Mu uku ne a gidan nan," ta ce wa Musaddiƙ. "Ni, da Malam, da ƙanwarsa."

"A cikin mutanen gidan akwai wadda ta haihu a shekarar nan?"

"Akuya dai ta ba mu biyu. In ana ba su magani, rubuta."

Musaddiƙ ya wuce masallaci, Bahijja ta roƙi ruwan alwala. Iya Dela ta ce ta shigo mana, gida nata ne.

Abin da ta fara gani tulin itace ne wanda ya kusa kai tsayin katanga. Kusa da shi wata ƙatuwar tukunya a kan murhu, baƙa ƙirin, da damin ganyen darbejiya a jiƙe. A kan igiya an shanya 'yan zannuwa ƙanana. Daga ɗakin ƙanwar Malam wani jinjiri ya tsala kuka, irin kukan da ungozoma ba ta bukatar a faɗa mata kwanansa. A ƙarƙashin rumfa kuma wata matashiya na zaune tana ɗinkin hula, cikinta ya kai ya kawo. Tana ganin baƙuwa ta ja mayafi ta rufe har goshi.

"Iya, wannan fa?"

"Autata ce, Sadiyya. Mai kukan kuma na jikar ƙanwar Malam ne, ita ta riga ta sauka."

"Amma yanzu kika ce babu."

"Me na ce babu? Mutanen gidan nan ya tambaye ni, na faɗa masa. Wannan ta gidan dagacin Kwanar Marke ce, matar ɗansa. Goyon ciki ta zo, haihuwar fari. Baƙuwa ce. Ta haihu, mu yi mata wanka, ta yi arba'in, su zo su ɗauki abarsu. In ƙirga ta a nan, mijinta ya ƙirga ta a can? Ai sai gwamnati ta ce mun yi mata ha'inci."

Ba wai Bahijja ba ta san goyon ciki ba. Yayarta ma a ɗakin mahaifiyarsu ta yi nata. Sai dai a Kazaure komawa gaban iyaye canjin unguwa ne kawai, asibitin ɗaya ne, mai adaidaita ya kai ki ya dawo. Kowa a cikin ayarin ya san al'adar, kowa a garuruwan biyu ya san ta, sanin da ya yi yawa har babu wanda ya ga dalilin ambato. Masu tsara tambayoyin ne kaɗai ba su sani ba, su kuwa ba a ƙasar Gwiwa suke kwana ba.

Hannunta ya riga tunaninta. Kafin ta ankara ta durƙusa gaban Sadiyya ta ɗaura mata abin awon jini.

"Ina ke miki ciwo?"

"Lafiya lau," in ji muryar da ke cikin mayafi.

"Ba za ta faɗa miki ba, kunyar fari ce," in ji Iya Dela. "Kan ne ke ɗan sara mata da yamma. Ƙafar kuma kin ganta, kamar an hura."

Jinin ya hau. Bai kai na tashin hankali ba, amma ya wuce inda ake so. Bahijja ta ce a rage gishiri, kada a kusantar da kanwa, a kai ta babban asibiti a duba ta.

"In naƙuda ta zo ta gagara fa, Iya, yaya kuke yi?"

"Muna da ungozomarmu ta gargajiya, sai dai ido ya yi mata nisa, da lalube take aiki yanzu. In abu ya ƙi, a ɗaura wa shanu amalanke. In rafi ya kawo kuwa, sai a shimfiɗa tabarma a bakinsa a jira ya yi haƙuri."

Daga nan aikin yinin ya lalace wa Bahijja. Gidan da suka tsaya duk sai idonta ya haura katanga da kansa. Nan tulin itace, can hayaƙi a lokacin da ba na girki ba. Musaddiƙ dai yana ta dannawa: babu, babu, babu.

"Sista, kin ci gari," ya ce mata a hanyar komawa. "Garin nan ko jinjiri ɗaya babu a cikin waya. Maganin gwiwa da tabarau suke so."

"Amarya sai murna take a ciki," in ji Dorkas tana tattare zani a bakin rafi. "Dube ta, ta yi shiru wai ita mai kunya."

Bahijja ta yi murmushin da aka nema, ta taka ruwa.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su tana kare kanta a gaban kanta. Ba ita ta tsara tambayoyin ba, waɗanda suka tsara sun fi ta karatu. Aikinta awon jini, ta kuma auna. Babu wanda ya yi ƙarya, daga Iya Dela har magidantan Kwanar Marke. Sannan ga maganar da aka yi ta nanata musu a wurin horo, wai na'ura ba ta son kai, abin da ta nuna shi ne gaskiya. Ba ta son kai kam. Ba ta kuma taɓa shiga cikin gida yin alwala ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Jalaluddeen ya zo zance. Suka zauna a dakalin ƙofar gida, ya ciro waya yana nuna mata hoton labulen da ya gani a kasuwa, mai ruwan zuma.

"Malam, ina da tambayar lissafi," ta ce.

"Yau kuma? Kawo, ɗaliba."

Ta ba shi labarin tun daga tulin itace har amalanke. Ya saurara yana jujjuya makullin babur a yatsa.

"To ai lissafi ya fita," ya ce. "An ƙirga kowa sau ɗaya. Da ɗalibina ne, maki cikakke zan ba shi."

"An ƙirga kowa a inda ba ya nan."

Wata mai tallar dafaffiyar gyaɗa ta wuce, bai ko kira ta ba, shi da ba ya barin ta wuce.

"Ni kaina a ƙauyen kakata aka haife ni, can wajen Roni," ya ce. "Har yau tsohuwar na ce mini ɗan aro." Ya mayar da waya aljihu. "Kin faɗa wa Madam?"

"Ban faɗa ba. Kai me ka gani?"

"Kar ki tambaye ni, Bahijja. In kin tambaye ni zan ce ki ja bakinki ki yi shiru, sannan in koma in kasa kallon fuskata a madubin babur. Ki bar ni da mutuncina. Ni labule na zo nuna miki."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, amma da zai tafi sai da ya buga babur ɗin sau da yawa kafin ya tuna bai murɗa makulli ba.

Safiyar da Dorkas za ta rufe rahoto, hadari ya taso daga gabas ya rufe duwatsun Kazaure, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bahijja na tsaye a bakin ɗaki tana kallon kwata ta cika ta tumbatsa, tana tafe da ledoji da takalmin wani yaro. Kwata ce kawai ta unguwa, amma ga shi babu mai iya tsallake ta. Ta tsaya har kokonta ya huce. Daga nan ta yafa hijabi, ta ɗauki lemar mahaifiyarta mai karyayyen ƙarfe, ta fita.

Ta samu Dorkas a ofis ta cire takalmi, tana cin gasasshiyar masara a gaban kwamfuta.

"Wa ya mutu? Dubi yadda kika jiƙe!"

"Anti, akwai gyara a aikinmu."

Ta faɗi komai a tsaye, ruwa na ɗiga daga gefen hijabinta. Dorkas ta ajiye masara. Ta ɗora hannu biyu a ka, sai kuma ta fashe da dariya har da buga tebur.

"Kai, Dorkas, kin ji kunya! Barka nawa na kai gidajen iyayen masu jego a garin nan? Sabulu nawa na saya? A wajenmu uwa ce ke tattara kayanta ta tafi wurin 'ya, shi ya sa kaina bai taɓa kawo mini ba. Ke kuma tun ranar kika gani?"

"Tun ranar."

"Kika haɗiye."

"Na haɗiye, Anti. Ya ƙi wucewa."

Dorkas ta dube ta ta saman tabarau. "Kin san abin da kika jawo wa kanki dai ko?"

"Na sani."

"To goge fuskarki. Ruwan sama ne, na sani, ban ce komai ba. Karɓi rabin masarar nan, sannan ki kira mini Musaddiƙ."

Da rafi ya sauka suka koma. Wannan karon aka zaunar da Musaddiƙ a zauren mai unguwa da ƙwaryar fura, mata biyun suka riƙa sallama suna shigewa har tsakar gida. Tambayar ma Dorkas ta sake ta. Ba ta ƙara cewa mutanen gida ba, sai ta ce wa ya kwana a nan jiya, wa aka yi wa wanka a wannan tukunyar tun daga damina waccan. Nan fa Kafin Gawo ta fara haihuwa. Gidan da babu mai goyon ciki, akwai mai jego. Gidan da babu ko ɗaya, an sallami wata bayan sallah, ana jiran wata da kaka. Suka zarce rugagen da ke bayan garin, inda Fulani suka zauna suna kiwo suna noma, suka tarar abin ya ma fi ƙarfi a can, don su 'yarsu ba ta komawa da wuri. Duk lokacin da suka fito, Bahijja ta karanto wa Musaddiƙ, shi kuma ya danna yana salati.

"Garin da na ce babu jinjiri! Sista, ashe a kan masana'anta muke zaune."

Jinin Sadiyya bai sauka ba, kuma ba a kai ta ko'ina ba, ana jiran a gama noman fari. Dorkas ba ta tsaya jan magana ba. Ta sa aka ɗaura amalanke, ta kira motar sashen lafiya ta jira su a tsallake. Iya Dela ta fito da ƙullin kaya, ta ce ƙafarta ƙafar autarta.

"Iya, mene ne wannan mai nauyi a cikin ƙullin?" in ji Dorkas.

"Kanwa ce 'yar kaɗan. Wa ya san irin kunun da suke damawa a birni?"

"Ba ni ita ajiya. Ranar suna in dawo miki da ita, in ƙara miki da sabulu."

"Madam, ke dai ba ki da dama. To a haɗa da turmin atamfa."

A Kazaure aka kwantar da Sadiyya, aka shawo kan jinin, ta sauka lafiya, mace.

Taron yanke shawara a zauren sakatariya aka yi shi, da dagatai da masu unguwanni da 'yan kwamitin lafiya. Dorkas ta zayyana abin da aka gano: zazzaɓin cizon sauro a ko'ina, rijiyar da ke bukatar murfi, tsofaffi masu hawan jini. Da ta zo kan ungozoma, ta ce Kafin Gawo. Dagaci Muhammadu Lawal ya gyara zaman babbar rigarsa.

"Madam, da bakin wayarku kuka ce haihuwa ta fi yawa a garina. Ko wayar ce ta sake shawara?"

"Ga mai aikin nan, ranka ya daɗe, ita za ta yi bayani."

Bahijja ba ta san da wannan ba. Ta miƙe a cikin farin kayanta, ta rusuna.

"Allah ya ja zamaninka, 'ya'yan naku ne, babu mai ja da wannan. A gidajenku ake raɗa musu suna... wato da sunanku ake kiransu. Amma na fari duk a bayan dutse ake yanke musu cibiya, kuma haihuwar fari ita ce mai gardama. Matar Kwanar Marke in abu ya tsananta, a tsayar da mota a bakin kwalta. Ta Kafin Gawo sai abin da rafi ya ce."

Kowa ya san surukar wa aka tsallako da ita a amalanke, kowa kuma ya san dagaci ba zai ambaci wannan a gaban jama'a ba. Ya dubi silin kamar mai neman inda yake yoyo.

Mai unguwa Daudu ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, tsufa ne. Kai kanka a ɗakin kakarka aka haife ka, bayan masallacinmu. Ni aka aika da albishir wurin mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Goro ɗaya ya ba ni, shi ma da tsutsa."

Dariya ta ɓarke, har ɗan sandan da ke bakin ƙofa. Dagaci ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta ƙi riƙuwa.

"Baba Daudu, a gaban mutane? To na ji. A kai musu ita, jikokina ne ai. Amma fentina fa? Haka zai bushe a banza?"

Aka yi ta ja-in-ja irin ta masu son juna, har aka tsaya a kan cewa kowace ranar kasuwa ungozoma za ta tsallako ta yi awo a ɗakin dagaci, sauran kwanaki tana Kafin Gawo. Tsofaffi kuma za a riƙa zuwa duba su wata-wata. Dorkas ta ce za ta rubuta wa na sama su gyara tambayarsu, in sun ga dama su ji.

Jalaluddeen ya ji labari kafin ta isa gida. Ya kira ta ya ce shi dai an cuce shi, ya tashi daga malamin lissafi ya koma ɗan kamun kifi, kullum da wando a naɗe. Ya ce ya riga ya yi magana da mai unguwa, akwai wani gida kusa da masallaci da masu shi suka koma bakin kwalta, rufin ne kawai ke son kwano biyu. Ta tambaye shi ko yana fushi. Ya ce sosai ma, kuma zai ci gaba da yi har ranar ɗaurin aure, daga nan ya duba.

Kafin bikin, a gidan Iya Dela aka sauke ta. Tsohon ɗakin ajiyar taki na ƙungiyar manoma aka share aka wanke, aka sa gado da sikeli da fitila mai aiki da hasken rana. Safiyar farko ta buɗe ƙofa ta zauna, ta jera kayan aiki, ta sake jera su. Rana ta ɗaga babu kowa, sai kaji da ke leƙowa.

Can sai ga wata dattijuwa daga ruga, siririya, da ƙwaryar nono a ka. A bayanta wata matashiya na tafe a hankali, ta dafe kugu, idonta a ƙasa. Dattijuwar ta sauke ƙwarya, aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa, aka tambayi gajiya.

"Inna, me ke tafe da ku?"

"Babu komai. Na ji an yi baƙuwa, na ce bari in kawo nono in ga ɗaki."

"Na gode, Allah ya saka. Wannan fa, yaya sunanta?"

Dattijuwar ta juya kai tana kallon sikeli, kamar ba da ita ake ba. 'Yar fari ce ke nan, ba za ta kama sunan ba ko za a kwana ana tambaya.

"Halimatussa'adiyya," in ji matashiyar, can ƙasan maƙoshi.

"Rako ni kawai ta yi," in ji uwar, har yanzu tana kallon sikeli. "Ƙwaryar ta yi mini nauyi."

"Ai kuwa ta kyauta," in ji Bahijja. Ta miƙa wa dattijuwar kujera, ta juyar da ita ta fuskanci ƙofa, ta wanke hannu. "Inna, ki huta a nan ki sha iska, ki kore mini kajin nan. Ke kuma 'yar rakiya, tunda kin riga kin zo, cire takalmi ki hau gado."